Rasuwar Ɗangiwa, Kan Jirgin Bayan Gidan Direba

Da zuciyar da baƙin ciki yac cika har baki, ni Nana matar Direba ta Tambuwal, nika sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki, na cikin gari da na Kebbe da na Sanyinna da duk inda wagga takarda tak kai, cewa Ɗangiwa ya rasu. Ga wanda bai san shi ba, Ɗangiwa shi ne ɗan kan jirgin ƙasan nan na bayan gidanmu, mai cin itace shi fidda tururi. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, cikin kakar shekara ta fuɗu da samun mulkin kai, bayan doguwar jinyar da babu wanda yas san shina yin ta. Malamin makarantar da yak karanta muna lambar tagulla ta ƙirjinai ya ce shekarunai hamsin da biyu.

Kada wani shi riga ni faɗi. Na san ƙarfe ba shi da rai, ba shi da hisabi. Na aika an tambayi liman, yac ce ba a yi ma ƙarfe sallar gawa, amma ba a hana mutum kukan abin da yaz zauna da shi. To ni kuka nika yi, ba wasa da addini ba, Allah shi tsare.

Kuma tun daga nan zan gyara wata magana. Rabin gari na cewa tsufa ne yak kashe shi. Ba tsufa ba ne. Ni ce, da hannuwan nan nawa biyu, kuma damina ukku ina ɓoye ma maigidana abin da niy yi. Ku biyo ni sannu, za ku ji.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Turawan wani kamfani masu aikin hanya sunka kawo shi, shekarar da fara tac cinye gero, guntu-guntu cikin manyan motoci daga inda dogo yat tsaya, anka haɗa shi a ramin marmara na hanyar Kebbe. Ba irin manyan jiragen da masu zuwa Gusau ka ba da labari ba ne. Tsawonai bai fi ɗaki guda ba, dogonai ma siriri, mutum biyu na ɗaukar sanda guda. Aikinai shi jawo taragu cike da marmara daga rami zuwa bakin hanya, shi komo da su fanko, tun safe har la'asar. Maigidana, wanda ba ni faɗin sunanai amma gari na ce mashi Direba, sa'annan saurayi ne daga Kebbe, lebura yaz zo. Ya fara da saro itace, yak koma zuba wuta, daga baya Bature yad danƙa mashi tuƙi. Leburori su sunka raɗa ma jirgin suna, don ƙarami ne amma in ya yi kuka sai ka waiwaya neman uwatai.

Da yaƙin Turawa yat tashi anka kira masu kamfani gida. Sun kwashe taragu, sun kwashe tantuna, sunka bar Ɗangiwa cikin rami da sandunan dogo goma sha biyu da tamfol guda, wai za su komo. Har yau ba su komo ba. Damina biyu Direba na zuwa shina share mashi ciyawa. A ta ukku yac ce ba shi barin abokin aiki a daji ga macizai da kuraye. Ina da goyon fari sa'annan, na ɗauka magana ce irin ta maza.

Waɗanda sunka gani sun sani, amma na baya su ji yadda anka kawo shi. Sandunan nan goma sha biyu su ke nan dogon duka. A shimfiɗa su gaba, Ɗangiwa shi taka, a ɗebo na baya a kai gaba, shi sake takawa. Tafiyar da mai jaki ka yi wuni guda, rani guda cur tac ci. Ƙauyen da anka iso, samari su fito gayya, mata su kawo fura da ruwan da za a ɗura mashi. Fulanin da sunka sauka kusa da hanya sun ba da aron bijimai a hawan tudu, sunka ce a dai hana shi kuka kusa da garke. Ranar da yash shigo Tambuwal ranar kasuwa ce, kasuwa kuwa ba ta ci ba, kowa ya bar kayanai yab biyo baya. Anka shimfiɗa mashi sandunan bayan katangarmu. Taki talatin ke nan duniyatai, gaba da baya, nan yaz zauna shekara ashirin da biyu bai taɓa ƙorafi ba.

Dada, yayar Direba, taz zo daga Kebbe ganin ido, tat tsaya gaban ƙanenta riƙe da ƙugu.

"Jumare, mutane na tara ma ɗiyansu gona da shanu, kai ka jajibo masu abin da ba a ci, ba a tatsa, ba shi zuwa ko'ina. Nana, ke kuma kinka zura ido?"

Nic ce, "Yaya, an tambaye ni?"

Shaidar da zan ba da a kan marigayin ta gaskiya ce. Ba shi da zaɓen abinci. Kara, sabara, ɓawon gyaɗa, tsohon kututture, duk abin da anka tura mashi shi amsa. Ba shi da gaggawa. In an hura shi bayan asuba sai hantsi shika fara magana, "shhh, shhh," kamar tsoho na hura kunu. In Direba ya sake shi bisa dogo shi ce "cakaf, cakaf, cakaf," ƙasa na ɗan rawa har cikin randunana. Sannan usur, wanda duk wanda yat tashi garin nan ya san shi, "fuuu-wiiip," dogo da 'yar wutsiya a ƙarshe. Lokacin sanyi jikinai ɗiyana ka jingina su ci dankalin da nig gasa a tokar murhunai. Laifi guda nis san mashi: tartsatsi. Ya ƙone mani zane biyu, ya taɓa lasar dangar maƙwabta. Na yafe mashi tun shina raye.

Amma babban alherinai ga mata yat tafi, kuma ni nig gano shi. Haifuwata ta biyu itace ya yi wuya, ga wankan jego kwana arba'in safe da marece, ruwa kuwa sai ya tafasa. Sai nig ga Direba na buɗe wani ɗan famfo a gefen tukunyar jirgi, shina zubar da tafasasshen ruwa ƙasa. Nic ce, "Malam, wanga ruwa laifin mi yay yi?" Nit tara garwa. Tun daga rannan mai jego a shiyyarmu ba ta ƙara rasa ruwan zafi ba. Gida shi kawo itace dami guda, a kawo ruwan sanyi a tafi da na zafi, hurawa guda ta wanke mata biyar. Ruwan na da ɗan warin ƙarfe, ganyen runhu na kashe shi. Unguwarzoma ta ce ba ta taɓa ganin ɗanyen jiki ga wadda tay yi wanka da ruwan Ɗangiwa ba.

Ya yi kuka ranar gobarar rumfunan 'yan kara, mutane sunka bar gona sunka sheƙo. Da azumi, in hadari ya rufe rana, ladan shi aiko cewa lokaci ya yi, shi yi kuka na nesa su sha ruwa. Ranar mulkin kai anka ɗaura mashi tuta kore da fari, ya yi gaba ya yi baya ban san iyaka ba, Direba na jan usur har jakunan kasuwa sunka tsinke igiya. Rannan Dada ma ta hau. Ta ce ita ba hawa tay yi ba, ƙafa taka hutarwa.

Shekara guda bayan wannan Allah ya jarrabi Direba. Ya sunkuya ɗaukar guduma, bai miƙe ba. Ɓarin dama ya shanye, harshe yay yi nauyi, kalma biyu ukku sai ya huta. Mutumin da yaj jawo jirgi daga daji, ni ka juya shi bisa gado. Ya rantse ba a ɗaukar shi kamar buhu a fita da shi gaban jama'a, ɗakinai kuma ba shi kallon bayan gida. Wata biyu fuska ga bango, bai nemi komi ba. Sai nit tufka doguwar igiyar rama, niɗ ɗaura ga usur, niƙ ƙetaro da ita katanga, ta taga, nis sa mashi a hannun hagu. Daga kan gado yak koya mani hura jirgi, kalma-kalma: ruwa iya nan, wuta sannu, allurar agogo kada ta wuce jan zane. Duk Juma'a, da duk sadda akwai mai jego, in hura, in leƙa taga in ce, "Malam, ya nuna." Shi ja. Gari shi ji. Masu tafiya masallaci su ɗaga murya ta bayan katanga, "Mun ji ka, Direba!" Ita ke nan maganar da tar rage tsakaninai da mutane. Ran da yaj ja igiya shikan cinye tuwonai tas. Sauran ranaku sai da lallashi.

Cikin ranin nan wani malami yaz zo daga Kaduna, mai yawon duba tsofaffin kaya, da takarda da tabarau. Yac ce a ba shi Ɗangiwa a kai inda za a yi mashi rumfar kwano, 'yan makaranta su riƙa zuwa kallo. Rannan akwai wuta a ciki. Nish shiga nif faɗa ma Direba. Sai yak kama igiya yaj ja, bai saki ba sai da malamin yat toshe kunne yak koma mota. Kwana ukku muna dariya. Yau in na tuna da rumfar kwanon nan, ba dariya ka zo mani ba.

Ga inda niɓ ɓata. Duk damina cikin tamfol ɗin nan na Turawa Ɗangiwa ka kwana. In ruwa ya ɗauke Direba shi yaye, shi goge shi da tsumma da baƙin mai, rana ta busar da shi. Daminar farko ta ciwonai niz zo warware tamfol, yad dagargaje a hannuna, ɓeraye da shekaru sun gama da shi. Ga hadari na haɗuwa gabas. In na faɗa ma mai ciwo, mi zai yi in ba ƙarin ciwo ba? Ni ɗiyar magini ce, tun ina ƙarama nika kwaɓa laka. Nid dubi rufewar geronmu da niy yaɓe da hannuna, shekara goma ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Nic ce abin da yat tsare hatsi ai ya tsare ƙarfe. Nik kwaɓa jar laka da kashin shanu da ƙaiƙayi, nij jiƙa ɓawon ɗorawa niy yi makuba, niy yaɓe tukunyar jirgi kaf, tun daga wuyan bututu har bakin murhu, kauri yatsa ukku, nil lailaye da tafin hannu har tana ƙyalli. Na bar mashi agogo da famfo da usur da ƙafafu a fili. Bututu kuwa niy yi mashi 'yar jinka mai cirewa. Kwana fuɗu yaɗ ɗauke ni.

Ɗan'iya maƙeri, abokin Direba tun ramin marmara, yaz zo wucewa yat tsaya cak.

"Nana, mi nika gani? Jirgi ne ko rufewa?"

Nic ce, "Abin da ruwa ba shi taɓawa ne."

"Ƙarfe ba shi son laka. Iska shika so, da mai. Ki ɓamɓare."

"In ɓamɓare shi ruɓe, ka samu na hauya da lauje, ko? Na daɗe da ganin idonka a kai."

Yay yi dariya. "Allah shi ba ki haƙuri, 'yar magini. Jumare ya sani?"

Nic ce, "Ran da yaj ji daga bakinka, rannan ka gama shan fura gidan nan."

Bai faɗa ba. Da ma ya faɗa.

Abin da yaƙ ƙara rufe mani ido, yaɓen ya yi kamar ya karɓe shi. Zafi ya daina gudu, itacen hurawa ɗaya yak koma na biyu. Mata na yaba ni, har da masu zuwa daga wata shiyya su gani. Nib bar yaɓen har rani, inda yat tsage in cike, damina ta komo in ƙara sabon shafi. Ban san laka na shan ruwa ta riƙe, tana shayar da ƙarfe a ɓoye ba.

Mai kunne shi yaf fara ji. Bara, wata Juma'a, Direba ya ja igiya, yas saurara, yak kira ni da ido.

"Muryatai... ta dishe."

Nic ce sanyi ne.

"Tamfol?"

Nic ce, "Lafiya lau, Malam, kullum ina lulluɓawa."

Ƙarya ta farko ke nan, Allah shi yafe mani, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Bana da damina wani jan ruwa yaf fara tsattsafowa ta ƙarƙashin yaɓe kamar ruwan goro. Nic ce makuba ce ka zuba, nil liƙe. Allurar agogo tak koma hawa da ƙyar. In ya yi numfashi akwai wani "tsss" siriri wanda ba nashi ba. Direba ya tambaye ni sau biyar, sau biyar ina cewa lafiya. Ba don na san abin da ka faruwa ba. Tsoro nika ji in ɓamɓare in gani.

Autata Zahara'u, mai aure Kebbe, taz zo gida haifuwa, Allah ya sauke ta lafiya, anka samu namiji. Ga wasu masu jego biyu a shiyya. Kwana goma Ɗangiwa na ba su ruwa safe da marece, shina nishi, bai gaza ba. Ranar sha ɗaya, Juma'a, na hura shi yadda nis saba. Hantsi ya yi, allura ta ɗan ɗaga. Nil leƙa taga nic ce, "Malam, ya nuna." Yaj ja. Ɗangiwa yac ce "fuuu," bai kai ga wutsiyar ba. Sai nij ji "ɓus" daga ƙasan ciki, yaɓe yaf faɗo faɗin tabarma, ruwa da tururi sunka zubo cikin murhu, wuta tac ce "caaa," toka tat turnuƙe. Allah ya kiyaye babu kowa kusa, ni ma gefen zanena kawai yaj jiƙe. Da hayaƙi yaw washe, sai ga igiya na ta motsi bisa katanga. Shina ja, shina ja, shina ja.

Ɗan'iya yaz zo da gudu da 'yar gudumatai. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, yas sa yatsa, yatsa yaw wuce. Yaɓ ɓallo wani jan ɓawo yam murtsuke shi kamar ƙuli-ƙuli.

Nic ce, "A liƙe."

Yac ce, "A liƙe a jikin mi? Nana, ba sauran ƙarfe. Lakarki ce ka riƙe da shi."

Bai ce ai na faɗa maki ba. Ya cire hula yag goge fuska, yat tafi.

Marigayin ya rasu ya bar sandunan dogo goma sha biyu, ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Ya bar shebur mai guntuwar ƙota, da rabin garwar baƙin mai, da tattabarun da ka kwana bisa rumfar tuƙi, waɗanda har yau ba su gane komi ba. Ya bar ɗiyan da uwayensu sunka yi jego da tukunyatai, ban iya lissafa su, wasu sun yi aure, ɗaya ɗan doka ne a Sakkwato. Ya bar autata da sauran kwana ashirin da tara na wanka, da tukunyar ƙasa muna cika su kamar kowa. Ya bar Direba.

Ranar Juma'ar nan na ce mashi itace ne ɗanye. Asabar na ce famfo ya toshe, Ɗan'iya na dubawa. Bai saki igiya ba, tana nannaɗe ga yatsunai ko shina barci. Lahadi Dada taz zo daga Kebbe duba mai jego, ta zagaya baya ta gani, tas same ni a madafa.

"Nana, har yaushe?"

"Yaya, in ya ji zai mutu."

"Kowa zai mutu. Ƙanena shanyewar jiki gare shi, ba ta hankali ba. Kin mai da shi jariri kina ba shi labarin ɗanyen itace. Ke kin fi shi sanin kukan jirgin nan? Tun Juma'a ya san an yi mutuwa. Jira shika yi ki faɗa."

"To ki faɗa mashi ke."

"Ni niy yi yaɓen? Tashi. Aje muciyar nan ki tafi."

Niy yi alwala, don ban san mi kuma zan yi ba, nish shiga nid durƙusa gaban gado. Nif faɗa mashi duka: tamfol, laka, gargaɗin Ɗan'iya da yadda nit toshe mashi baki, jan ruwa, da kowace ƙarya da ranarta. Shekara ashirin da fuɗu muna tare ban taɓa ganin idonai haka ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya warware igiya daga yatsu, sannu, da haƙori, yaj juya fuska ga bango.

Kwana biyu bai amshi ko ruwa daga hannuna ba. Zahara'u, da ɗanyen jego, ita ka ba shi kunu, ni ina bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na yi tunanin ɗaure kayana. To in na tafi, wa zai juya shi?

Laraba da hantsi yak kira sunana.

"Nana."

"Na'am, Malam."

"Kira... Ɗan'iya. A kai ni."

Nic ce, "Akwai mutane waje."

"Su gani."

Mutum fuɗu sunka ɗauki gadon, sunka fito da shi ta zaure, sunka zagaya baya. Shekara ukku rabonai da rana. Mata na leƙe ta danga. Anka aje shi jikin Ɗangiwa. Ya daɗe shina kallo, tun daga wuyan bututu har ramin da yaɓ ɓulle. Sannan yam miƙa hannun hagu yaɗ ɗora bisa yaɓe, shina shafawa sannu.

Ɗan'iya yac ce, "Jumare, in ka ce a fasa, yau in fasa. In ka ce a bari, ba mai taɓawa."

Bai kula shi ba. Ni yad duba.

"Ke... kaɗai?"

Nic ce, "Ni kaɗai, Malam."

Yac ce, "Yaɓe... ya yi kyau."

Nan nid durƙusa jikin gado ina kuka. Dada tac ce, "To ya isa, tashi, kin tara muna jama'a," ita ma tana share ido da gefen mayafi. Rannan ya sha fura daga hannuna har yan nemi ƙari.

Ga yadda za a yi, bisa umarnin mai shi. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar za a yi ma marigayin wanka, wato a ɓamɓare mashi laka. Matan da sunka yi jego da ruwanai su ne masu wanka. Kowace ta zo da guntun katako ko tsohuwar muciya, kada a kawo abin ƙarfe, jikin ba shi ɗaukar duka. Ɗan'iya zai shafe shi da sauran baƙin mai. Ba a binne shi, ba a sare shi, maƙera su yi haƙuri. Maza su zo tun da safe da gofa da azara da zana, rumfa za a yi mashi, buɗaɗɗiya ta kowane gefe don iska ta ratsa. Za a kuma fasa sabuwar taga a bangon ɗakin Direba ta wajen baya, don shi riƙa ganin Ɗangiwa daga gado. Wannan ni zan yi, ba ni neman taimako.

Mutanen Kebbe ku biyo motar kasuwa, masauki gidanmu, ku zo da tabarminku. Akwai sadakar masa da fura, ba don ƙarfe ba, don Allah shi ba Direba sauƙi, shi raya jaririn. Mai zuwa gaisuwa shi wuce wajen Direba kai tsaye, ya ce a bar ƙofa buɗe. Ku jira shi gama kalmatai, kada a ƙarasa mashi, ba shi so. Ban da ihu, ban da kururuwa. Wadda tas san ba ta iya riƙewa ta zo madafa, can nika yin nawa.

Abu guda masu wanka su kiyaye. Gefen hagu, daidai inda hannun mutum a kwance ka kaiwa, akwai wuri kamar faɗin faifai inda sawun yatsuna biyar yaf fito sarai cikin laka. Direba ya sa an zagaye shi da gawayi. Wannan ba a ɓamɓare shi. Na ce mashi, "Malam, laka ce fa. In an bar ta za ta ci gaba da cin ƙarfen."

Yac ce, "Ta ci."